Jirgi ya makara, wa ke biya? Tarihin jira daga zamanin Air Afrique zuwa yau



Ɗan Maraɗi da zai fita ƙasar waje da jirgin sama, ƙofa biyu gare shi. Ko ya yi yamma, ya wuce Tibiri, Gidan Rumji, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi da Dosso, ya sauka Yamai bayan wajen kilomita 660 cikin kar. Ko ya yi kudu ta wajen Jiratawa, ya ƙetare iyaka a Ɗan Issa, ya ratsa Jibiya da Katsina ya shiga Kano, tafiyar da ba ta kai rabin waccan ba. Filin jirginmu na nan gida, duk da gyaran da garin ya gani lokacin Maraɗi Kwalliya a 2015, ba shi da jirgin fasinja na yau da kullum da ke ƙetare iyaka. Ke nan kafin mutum ya ga ko fiffiken jirgi, ya riga ya kashe kuɗin mota, kuɗin masauki, da yini guda na rayuwarsa. Sai ya iso a ce masa jirgi ya makara, ko ma an soke shi.

Idan ana maganar wahalar jirgi, hankali kan tafi ga doguwar tafiya, Jidda ko Dubai ko Sin. Amma wanda ya saba hanya zai gaya maka ɗan gajeren tsallen nan ne ke kayar da mutum: Yamai zuwa Wagadugu, da bai wuce awa guda a sama ba, ko Yamai zuwa Lome ko Kwatano, da ba su kai awa biyu ba. A irin waɗannan hanyoyi jirgi guda ne ke zagaye kamar motar kasuwa. Ya taso daga wani babban birni, ya sauka nan, ya ɗauki wasu, ya sauka can, ya komo. In ya yi latti da safe a zangon farko, lattin zai bi shi har dare, yana ƙaruwa a kowane zango. Ƙananan kamfanoni ba su da jirgin ajiya da ke zaune yana jiran wani ya lalace. Kuma ba kowace hanya ce ake bi kullum ba; wata sau uku ce a mako. Mai fatauci da zai canja jirgi a Lome, in ya rasa babban jirgin da minti ashirin, kwana guda ko biyu ya tafi. Mara lafiya mai alkawari da likita a Masar ko Indiya, ɗalibi mai ranar rajista a Dakar, su abin da suke rasawa ya fi kuɗin biye.

To wa ke biya? Amsar tana da tarihi, kuma tarihin ne ke nuna abin da ya sa har yau mutanenmu ke ɗaukar makarar jirgi kamar ruwan sama, abin da ba a kai ƙararsa.

Kakanninmu da suka je Makka da ƙafa da jaki da raƙumi ba su san wani abu wai shi makara ba. Hanyar takan bi ta Kano da Borno, ta Fort-Lamy wadda ake kira Njamena yau, ta El Fasher da Kartum, har Sawakin a bakin Bahar Maliya. Wasu su shekara biyu, wasu bakwai, suna tsayawa su yi noman auduga su tara guzuri, wasu kuma suka zauna Sudan har yau jikokinsu na can suna Hausa. Ba wanda ya yi musu alkawarin ranar isa. Sai da aka samu wanda ya karɓi kuɗinka ya rubuta rana da awa a takarda, sannan aka samu abin da za a kira makara. Ku riƙe wannan, don duk dokokin da za mu yi magana a kansu daga nan suka fito: biye alkawari ne a rubuce.

Jirgin sama ya fara sauka a wannan yanki namu a Kano, cikin Nuwamban 1925, lokacin da jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka a filin sukuwa. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara kawo jirgi daga Kartum zuwa Kano a kai a kai. Wannan ne asalin abin da ya sa Kano ta zama ƙofar sama ta ƙasar Hausa tun kafin ƴancin kai, kuma da cinikin gyaɗa ya buɗe, attajiran Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi sukutum a kansu mai suna Les Alhazai de Maradi, Kano ce ta fi musu kusa a komai: kasuwa, dangi, malamai, har da hanyar hajji.

A tsakanin waɗancan shekaru biyu, ranar 12 ga Oktoban 1929, ƙasashe suka taru a Warso, babban birnin Poland, suka sa hannu a yarjejeniya ta farko kan alhakin mai jirgi. Ayarta ta 19 ta ce mai jirgi ne ke ɗaukar asarar da makara ta jawo wa fasinja ko kayansa, sai fa in ya nuna ya yi duk abin da ya kamata don kauce mata. Magana ce mai kyau a takarda. Amma an rubuta ta ne a zamanin da mai shiga jirgi a nan gwamna ne ko kwamanda ko babban ɗan kasuwar Turawa. Ba da talakan Gobir ko na Katsinar Maraɗi aka yi lissafin ba.

Da ƴanci ya zo, ƙasashe 11 rainon Faransa, cikinsu har da Nijar a zamanin Diori Hamani, suka sa hannu a yarjejeniyar Yawunde ranar 28 ga Maris 1961, aka haifi Air Afrique. Hedkwata a Abijan, shugaban farko Cheikh Fall ɗan Senegal, Faransawa kuma na da nasu kaso a ciki. Dalilin haɗuwar a fili yake: ba ƙasar da za ta iya sayen manyan jirage ita kaɗai. A cikin gida kuma aka kafa Air Niger a 1966, wanda ke haɗa Yamai da Tawa, Maraɗi, Damagaram da Agadas. Dattawan garin nan da suka yi aikin gwamnati a lokacin suna tuna ƙarar farfelarsa. Ina ganin ya kamata a yi wa Air Afrique adalci. Shekaru arba'in ya yi yana haɗa manyan biranenmu da juna, ya horar da matuƙa da makanikai baƙar fata, ya yi jigilar alhazai, kuma a kan kiyaye rayuka ba a san shi da sakaci ba. Abin da aka san shi da shi, shi ne latti. Masu jin faransanci har suna suka sa masa, Air Peut-être, wato jirgin wataƙila: wataƙila ya zo, wataƙila ya tashi, wataƙila kujerarka na nan.

Me ya kawo haka? Kamfani mai iyaye goma sha ɗaya, kowane uba na son a sauka a babban birninsa, a ɗauki ƴan ƙasarsa aiki, ko hanyar na kawo riba ko ba ta kawowa. Gwamnatoci na karɓar biye bashi su daɗe ba su biya ba. In babban mutum ya zo da tawaga, ƙaramin mutum ne za a ce ya jira na gaba. Kuma abin da ya fi komai, ba abokin gasa. Yarjejeniyar ta ba kamfanin ikon hanyoyin ƙasashen, don haka in ya ɓata maka rai yau, gobe ma wurinsa za ka komo. Mutumin da ba shi da wani wurin zuwa ba ya kai ƙara. Haƙuri yake yi, har haƙurin ya zama al'ada ya gadar wa ɗiyansa. Kamaru ta fice a 1971 ta kafa nata, Gabon ta bi bayanta. A 1989 aka kawo Bafaranshe Yves Roland-Billecart ya gyara, ya sallami ma'aikata da yawa, ya sayo sababbin jirage bashi. Sai ga karyewar darajar sefa a Janairun 1994, aka raba kuɗinmu biyu. Bashin jirage da dalar Amurka ake biyansa, biye kuma da sefa ake sayensa. Kafin ƙarshen shekarun 1990 masu bin bashi sun ƙwace wasu jiragen, kuma a farkon 2002 Air Afrique ya rufe ido. Waɗanda ke riƙe da biye a hannu suka bi layin masu bin gawa bashi.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi muni ga gajeriyar hanya. Har zance ake yi cewa zuwa wani babban birni na maƙwabta ya fi sauƙi ta Paris. Ƙananan kamfanoni suka yi ta tsirowa suna mutuwa, wani da jirgi guda na haya. Sai daga baya aka samu masu ɗorewa, kamar Asky da ya fara tashi daga Lome a Janairun 2010 da haɗin gwiwar kamfanin Habasha, da Air Côte d'Ivoire a 2012, ban da Air Burkina da ya daɗe yana nan. Shawarar Yamusukuro ta 1999, wadda ta ce a buɗe sararin Afirka ga kamfanonin Afirka, ita ce ta ba jirgin wata ƙasa damar ɗaukar fasinja tsakanin wasu ƙasashe biyu da ba nasa ba. Alheri ne, don da ita ake samun jirgi tsakanin Yamai da Wagadugu. Amma ita ce kuma ta haifi zagayen motar kasuwar da na faɗa a sama.

A cikin wannan ruɗani ne, shekara guda bayan mutuwar Air Afrique, majalisar ministocin UEMOA ta fitar da doka mai lamba 03/2003, kan diyyar fasinjan da aka hana shiga jirgi, ko aka soke jirginsa, ko ya yi doguwar makara. Jama'a, wannan doka ta haura shekara ashirin, kuma ina da tabbacin cikin mutum goma da ke jira a filin jirgin Diori Hamani, da wuya a samu biyu da suka taɓa jin lambarta. Dokar UEMOA irin wannan ba ta jiran majalisar kowace ƙasa ta sake amincewa da ita. Da zarar an fitar da ita ta hau kan ƙasashen takwas: Nijar, Benin, Burkina, Kodibuwa, Gine Bisau, Mali, Senegal da Togo. Ku duba jerin nan da kyau, kusan duk gajerun hanyoyinmu a cikinsa suke.

Abin da ta tanada a taƙaice: in kana da biye tabbatacce, ka zo a kan lokaci, aka ce ba wuri don an sayar da kujeru fiye da waɗanda ke cikin jirgi, to kai ke zaɓa, ko a mayar maka da kuɗinka ko a sa ka a wani jirgi, kuma bayan wannan akwai diyyar kuɗi da ta danganta da nisan tafiya. In an soke jirgi, nan ma akwai mayar da kuɗi ko wata hanya. In doguwar makara ce, kamfani ne ke ciyar da kai, ya ba ka hanyar sanar da mutanenka, in dare ya raba ya kai ka otel da kuɗinsa. Ba alfarma ba ce. Wannan ruwan leda da burodi da ake miƙo wa mutane suna ta godiya, bashi ne ake biya.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu da abin da ƴan uwanmu na Turai ke faɗa mana a WhatsApp. Can doka ce daban, mai lamba 261/2004, da ta fara aiki a Fabrairun 2005. Ta sa yuro 250 ga tafiyar da ba ta wuce kilomita 1500 ba, 400 ga matsakaiciya, 600 ga doguwa, wato daga wajen jika 164 zuwa jika 393 na sefa. A 2009 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa wanda ya isa da lattin awa uku shi ma ya cancanci wannan kuɗi kamar wanda aka soke wa jirgi. Amma tana aiki ne kawai ga jirgin da ya taso daga ƙasar Tarayyar, ko mai shiga can in kamfanin na Turai ne. Ɗalibinmu da ya taso daga Paris ko Brussels tana kare shi. Mai tashi daga Yamai zuwa Lome, ko ya buga ta ya riƙe a hannu, ba ruwanta da shi.

Akwai wata rigar ta biyu da mutane ba su cika sani ba. Ranar 28 ga Mayun 1999 aka sa hannu a yarjejeniyar Montreal ta Kanada, wadda ta gaji ta Warso, ta fara aiki a Nuwamban 2003. Nijeriya na cikin na farko da suka amince da ita, Nijar ta shigo daga baya. Ita ba ta ba ka kuɗi don kawai ka jira. Abin da take biya shi ne asarar da ka iya nunawa da takarda: otel ɗin da ka biya a can bai amfane ka ba, sabon biyen da dole ta sa ka saya, abinci da motar da ka kashe wa kuɗi. Tana da rufi, wanda ake lissafawa da kuɗin ƙidaya na asusun FMI: an fara da 4,150, aka yi ta ɗaga shi har ya kai 6,303 a ƙarshen 2024, wato wajen miliyan biyar na sefa. Wannan iyaka ce, ba rabo ba ne. Wanda ya kawo rasit na jika tamanin, jika tamanin yake nema. Wanda bai ajiye rasit ba kuwa, labari kawai ya kawo.

Mu koma ƙofar kudu. Wanda ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ya fita daga inuwar UEMOA, ya shiga ƙarƙashin hukumar NCAA ta Nijeriya da sashe na 19 na dokokinta, wanda ke kan kare fasinja. A bugun 2015 an rubuta cewa bayan awa biyu na jira a ba ka abin sha da hanyar kira, in jiran ya yi tsawo a ba ka abinci, in ya kai ga kwana a ba ka masauki da motar zuwa can. Diyyar kuɗi kuma da kaso ake lissafa ta: 25 cikin 100 na kuɗin biye a tafiyar cikin gida, 30 cikin 100 a ta ƙasar waje. An sake bugun dokar a 2023. Abin lura gare mu shi ne dokar ba ta tambayar launin fasfo. Ɗan Jiratawa mai koren fasfon Nijar da ya sayi biye ya tashi daga Kano, haƙƙinsa daidai yake da na ɗan Fagge. Na sha jin mutanenmu na cewa mu baƙi ne can, mi za mu ce? Baƙo ne kai a gari, amma a gaban kantar kamfanin da ya karɓi kuɗinka, mai ciniki ne kai. In layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 ya kammala, wannan ƙofa za ta ƙara yi mana kusa, kuma sanin dokarta zai ƙara zama dole.

Yanzu ga inda maganar ke da kaifi biyu. Duk waɗannan dokoki suna da mafita ga kamfani: in abin da ya kawo makarar ya fi ƙarfinsa, diyyar kuɗi ta faɗi. A nan yankin kuwa babban abin da ya fi ƙarfin kowa shi ne hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in ƙurar hunturu ta sauko, matuƙi na iya kasa ganin titin sauka har sai ya zo dab da shi. Da damina kuma ga guguwar da ke gaban hadari. Akwai kamfanonin da ke fakewa da yanayi ko da sama tas take, wannan gaskiya ne. Amma akwai ranakun da tarihi ya nuna mana abin da ke bayan wannan ƙa'ida.

Ranar 22 ga Janairun 1973, jirgi ƙirar Boeing 707 na kamfanin Jodan, wanda Nigeria Airways ya yi haya, ya taso daga Jidda cike da alhazai. Yanayi ya hana shi zuwa Legas, aka juya shi Kano, ya faɗi wurin sauka ya kama da wuta. Mutum 176 suka rasu. Na biyun ya fi shiga maganarmu. Ranar 11 ga Yulin 1991, jirgi ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, shi ma yana yi wa Nigeria Airways aiki, ya shirya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato da alhazai. Bincike ya nuna wasu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska. Makaniki ya nemi a ƙara, iskar da ake sa wa tayar jirgi ba ta samu nan take ba, mai kula da aikin kuma bai yarda a makara ba. Tayoyin suka fashe a guje, wuta ta kama, aka naɗe ta cikin jirgi aka tashi. Mutum 261, ba wanda ya fita. Allah ya jiƙansu da rahama. Sakkwato ba nisa gare ta da mu ba, kuma da yawa cikin masu karanta wannan suna da dangi a can.

Don haka ni a nawa ganin, fasinjan da ke buga tebur yana cewa dole sai an tashi yanzu, ya ɓata hanya. Ba tashi za ka tilasta ba. Abin da kake da ikon tilastawa shi ne a gaya maka gaskiyar dalili, a kula da kai muddin kana jira, a ba ka zaɓi tsakanin kuɗinka da wata hanya. Hazo na iya ɗauke wa kamfani diyya. Ba ya ba shi damar riƙe kuɗin tafiyar da bai yi ba, kuma ba ya ba ma'aikatansa damar kulle kanta su ɓace su bar tsofaffi kwance a kan tayil.

Siyasa ma ta nuna mana nata. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta sa takunkumi ranar 30 ga watan, har da hana jiragen kasuwa shiga da fita. Hukumomin Yamai suka rufe sararin ƙasar ranar 6 ga Agusta, ba a buɗe ba sai 4 ga Satumba. Air France ta dakatar da zuwa. Iyakar Ɗan Issa da Jibiya ita ma a rufe. Ƙofofin Maraɗi biyu suka rufe tare, kuma takunkumin bai tashi ba sai 24 ga Fabrairun 2024. A irin wannan hali ba kamfanin da za a ce ya biya diyya, amma kuɗin biyen da ba a yi tafiyarsa ba yana nan a matsayin bashi. Wani abin da ke rikita mutane: Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, sai wasu suka ɗauka duk dokokin yanki sun tafi da ita. UEMOA ƙungiya ce daban, ta masu kuɗin sefa, kuma ita ce mai dokar 03/2003.

Inda dokar ta bar ɗan Maraɗi a rana shi ne hanya. Duk kariyar nan daga kantar awon kaya take farawa. In kar ta lalace tsakanin Ƙonni da Dogon Dutsi, ko shingayen hanyar Jibiya suka cinye maka awa uku, ka iso an rufe rajista, a idon kamfani kai ne ba ka zo ba, kuma wasu kamfanonin har biyen dawowa suke sokewa. Shi ya sa tsofaffin matafiya ke kwana a Yamai ko Kano kafin ranar tashi, ko da kuɗin masaukin na ciwo. Haka nan wanda ya sayi biye biyu daban don neman sauƙi, ɗaya zuwa Lome, ɗaya daga Lome zuwa gaba: in na farko ya makara, na biyu ba ruwansa, don alkawari biyu ne da mutum biyu. In kuwa biye guda ne mai lamba guda har ƙarshen tafiya, nauyin kai ka inda za ka yana wuyan kamfani. Bambancin jika talatin a wurin saye na iya zama bambancin jika ɗari biyar a wurin jira.

Sai maganar ajans. Yawancinmu a wurin masu sayar da biye na cikin gari muke saye, kuma suna sauƙaƙa mana ƙwarai. Amma sau da yawa lambar wayarsu da adireshinsu na intanet suke sawa a cikin rajistar, ba ta matafiyi ba. Kamfani ya canja lokaci ko ya soke jirgi, saƙo ya tafi wa mai ajans da tsakar dare, kai kuma kana cikin kar ka wuce Madawa. Gobe kamfani ya ce ai mun sanar. Ka tsaya a sa lambarka a gabanka. Kuma ka sani in an zo mayar da kuɗi, yawanci ta hannun wanda ya sayar suke komowa, don haka rasit ɗinsa ma abin ajiyewa ne.

In abin ya faru, kada a tsaya musu da yarinyar da ke kan kanta, ba ita ke yanke hukunci ba. A nemi shugaban ofishin kamfanin a filin, wanda ake kira chef d'escale, a roƙi takardar shaidar makara, attestation de retard, mai ɗauke da lambar jirgi, rana, da dalili. A ɗauki hoton allon da ke nuna lokaci. A ajiye katin shiga jirgi da ɗan guntun takardar kaya. Daga nan a rubuta wa kamfani, a riƙe kwafi mai hatimi. In ya yi shiru, a Yamai hukumar ANAC ce ke sa ido a kan kamfanonin, a Kano kuma NCAA na da jami'an kare fasinja a cikin filin. Mutum biyar daga jirgi guda da suka sa hannu a takarda guda sun fi mutum guda mai ɗaga murya a ji su.

Yarjejeniyar Montreal ta kuma sa wa'adi, kuma a nan mutanenmu suka fi faɗuwa, don mun saba cewa bari in huta tukuna. In jaka ta zo a fashe, kwana 7 gare ka ka kai kuka a rubuce. In ta makara, kwana 21 daga ranar da aka miƙa maka ita. Zuwa kotu kuma shekara biyu ne daga ranar isa. Wanda ya komo Tibiri ya zauna sai bayan salla ya tuna da maganar jakarsa, zai tarar kwanakin sun riga sun ƙare.